Ɗigon da Aka Ajiye a Kan Har Abada

Ban yafe wa mutumin da ya ajiye ɗigon nan a kan “har abada” ba. Ban san shi ba, ban san ƙasarsu ba, ban san ko yana raye ba, kuma ba na neman sani. Wani ne dai ya zauna a ɗaki mai sanyi, ya tsara wa na'ura tambaya mai amsa uku, sa'an nan tausayinmu ya kama shi, ya ga kada mu wahala da tunani, ya amsa mana tun ba a tambaye mu ba. Albarkacin wannan kirki nasa, saura ƙiris a ɗora wani uban ƴaƴa a motar da ba a saurin dawowa daga inda take zuwa, ni kuma na koma bakin kaskon ƙosai, da takardar shaidar buga na'ura a ƙarƙashin katifa. In yana da rai, Allah ya ba shi lafiyar da zai ji wannan.

Ni ba ƴar lakwal ba ce, ban taka makarantar boko da ƙuruciya ba. Daga ƙasar Adar na biyo maigidana zuwa Arlit, zamanin da ake cewa ko tsakuwar garin abin arziki ce. Ya yi ta shiga ramin yuraniyom har ramin ya gaji ya koma cikin ƙirjinsa, aka sallame shi da tari da godiya mai yawa. Sai da na aurar da ƴata ta fari na fara riƙe alli, a wata rumfar karatun manya da ke bayan kasuwa. Maƙwabta suka ce tsufa ya zo mini da hauka. Na ce an ce gemu ba ya hana ilimi, ni kuwa ko gemun ba ni da shi, to mi zai hana ni? Na koyi boko, na tsinci faransanci gwargwadon abin da zai hana a zage ni ina murmushi, daga baya na koyi buga ordinatar, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, da yatsu biyu. Har yau a hankali nake karatu, ina bin layi da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wanda ya samu abu da tsufa ba ya zubar da ko ƙwaya.

Inda nake aiki wani ɗan kamfanin kamyo ne, wato manyan motocin kaya, masu yi wa babbar sosiyeten haƙar ma'adini dako: siminti, ƙarafa, shinkafa, garin burodi. Bironmu ɗaki ɗaya ne a cikin harabar sosiyeten, da fanka mai kukan tsohuwar akuya. Da shara na fara. Ranar da Shef, wato mai kamfanin, ya ga takardata, ya naɗa ni sakatariya a gaban direbobi, har da jawabi a kan ci gaban mata. Ya ƙara mini girma, bai rage mini tsintsiya ba. Shi ya sa lakile, wato makullin ƙofar biron, yake hannuna, don mai shara ce ke riga kowa zuwa. Shef mutumin Maradi ne, mai babbar riga da babban ciki, yana da difilom a bango wanda ni nake goge wa ƙura.

Na ukunmu shi ne magaziniye, mai kula da sito da lodin motoci. Ba'abzine ne daga Dannet, dogo, ba ya gaggawa a komai sai dariya. Yaya yake ce mini. A Hausarsa kowa namiji ne, har ni; kullum safe sai ya ce, Yaya, ka kwana lafiya? Na ƙyale shi, don a biron nan dai bai yi ƙarya sosai ba. In kalmar faransanci ta tsaya mini a wuya, shi nake tambaya. Yakan yi mini dariya tukuna, har ya riƙe ciki, sa'an nan ya faɗa mini. Shef kuwa ba ya dariya, ba ya kuma faɗa. Tsakanin su biyun na san wanda na zaɓa. Gawayinsa na shayi ba ya mutuwa a bakin sito, kuma babu direban da bai san hanyar wurin ba.

To ga yadda abin yake, don wanda bai san aikin ba. Sosiyete tana da wata babbar na'ura a wani gini da ƙafata ba ta taɓa takawa ba. A cikinta akwai dosiye guda da ake zuba lokutan tashin motoci: wace kamyo, yaushe, ta wace hanya. Ƙananan na'urori irin tamu suna leƙa shi ta waya. Ka ɗauke shi rumbu ɗaya ne na gari duka, kowane biro da tasa ƙofar. Amma ba a shiga sai da suna da kalmar sirri, kuma doka ta ce kowane mutum da tasa. Kafin a ba ka, sai ka je ka zauna a benci a babban biron sosiyete, da hotonka a hannu, ka jira mai sa hannu ya dawo daga cin abincin rana, abincin da kan ɗauke shi kwanaki. Shef ba ya zaman benci. Ya aiki magaziniye. Haka aka yi kalmar sirri ɗaya tak ta shigo bironmu, kuma da sunan magaziniye.

Ina tsaye a bayansa ranar da ya fara buga ta. Wani ɗan akwati ya fito a fuskar na'urar, ya sa sunansa, ya sa kalmar. A ƙasa akwai layi uku, kowane da ɗan zobe a gabansa. Sai daga baya na san abin da suke cewa: manta yanzu, tuna har a kashe na'ura, tuna har abada. Wani baƙin ɗigo yana zaune daram cikin zobe na uku, kamar baƙon da ya riga masu gida hawa tabarma. Ba wanda ya sa shi. Da shi ta zo. Na ɗora yatsa ina haɗa baƙaƙen layin farko, ban kai ƙarshensa ba ya danna, akwatin ya ɓace.

“Yaya, in an jira ka gama karatu, motoci sai su tsufa a garaji,” in ji shi.

Akwatin bai sake fitowa ba. Daga ranar, da an taɓa dosiyen sai ya buɗe, ba sallama ba neman izini. Shef ya ce wannan shi ne ci gaba, Turawa ba sa ɓata lokaci. Ni kuwa na ɗauka sabo ne, irin na jakin da ya san hanyar gida, ba sai an kora shi ba. Ni ke buɗewa kowace safiya in fitar wa direbobi lokutansu. Shef yakan buɗe in yana son baƙo ya tarar da shi yana aiki. Har ƙanen matarsa, wanda ke zuwa wasan karta a na'urar, yakan leƙa in kartar ta ishe shi. Ban san da sunan mutum ɗaya dukanmu muke shiga ba. Ba wanda ya faɗa mini, kuma ba zan roƙi gafarar abin da aka ɓoye mini ba.

Sai miyagun shekarun nan suka zo, masifu uku a jere kamar an gayyato su biki ɗaya. Kasuwar yuraniyom ta faɗi, aka shiga sallamar ma'aikata, kullum sai ka ga katifu ɗaure a kan motocin kudu. Ruwa ya ƙi sauka a daji, mutanen da ba su taɓa roƙon kowa ba suka zo suka kafa bukkokin kwali da buhu a gefen gari, suna sayar da fatun dabbobin da jiya suke taƙama da su. A cikin duwatsu kuma tawaye ya tashi. Hanyar Agadas ta koma ba a binta sai cikin ayari, da rakiyar masu kaki. Lokacin ko labarin zinariyar Cibarakatan ba a fara ji ba, balle wanda aka kora ya ce ga inda zai nufa. In ka rasa aiki, ka rasa ke nan. A garin da kusan kowa baƙo ne, muka shiga kallon rawunan juna, wa ya rufe baki, wa ya bar shi a buɗe.

Magaziniye ya nemi konje, wato hutu, ya je Dannet, don raƙuman mahaifinsa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, tsohon kuma ba ya iya jan guga. Shef ya ba shi da fara'a, har da addu'a. Konje ne mai tsawo, irin wanda ba a dawowa; kafin hutun ya ƙare, kontirarsa, wato yarjejeniyar aikinsa, ta riga ta ƙare. Aikin siton aka ƙara mini, tsintsiyar kuma tana nan. Sau ɗaya na tambayi Shef ko ba za a gaya wa sosiyete mutumin ya bar aiki ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, Madam, a bar kaza cikin gashinta. Shi ya san abin da gashin ke rufewa. In aka soke sunan, dosiye ya rufe, sai wani ya je zaman benci.

Watanni suka shuɗe. Sai aka tare wata kamyo a hanya, ba ma tamu ba, ta wani kamfani dabam. An sauya mata lokacin tashi a ɓoye, amma masu bindiga suna zaune suna jiranta kamar an aika musu goron gayyata. Suka sauke direban, suka miƙa masa bidon ruwa, jarka guda, suka tafi da mota da shinkafa. Nan fa mai kula da tsaron sosiyete ya miƙe. Kumanda ake ce masa, ko da yake waɗanda suka san shi a soja sun ce bai wuce sarjan ba. Ya sa aka fitar masa da sunayen masu buɗe dosiyen. Sai ga sunan Ba'abzinen da aka sallama tuni yana shiga kowace safiya ba fashi, ya fi masu albashi zuwa aiki. Kumanda bai tsaya tambayar yadda mai bin raƙuma a dajin da ko fitilar kuran, wato lantarki, babu yake leƙa na'ura ba. Ya ga suna, ya tuna rawani, biri ya yi kama da mutum.

Shi kuwa bawan Allah, a daidai lokacin ya ga damar dawowa gari. Raƙuman sun ƙare, tsohon ya bi su. Ya kwaso matarsa da ƴaƴansa ya kafa bukka a gefen gari, ya wanke rigarsa ya taho gaishe mu, ko Allah zai sa a ce akwai aiki. A bariyar, wato ƙofar shiga harabar, suka kama shi. Ina jin ba su taɓa samun ɗan leƙen asiri mai sauƙin kai irinsa ba, wanda ya kawo kansa har da sallama. Suka kulle shi a ɗakin ƙofar ƙarfe da ke gefen bariyar. Labari ya zagaya cewa da ayarin gaba za a miƙa shi ga masu kaki su wuce da shi kudu. A zamanin nan, wanda aka wuce da shi bisa zargin tawaye, matarsa ba ta ɗora tukunya da shi.

Direbobi kuwa, waɗanda suka shanye masa ganyen shayi na shekaru, nan take idanunsu suka buɗe. Wannan ya ce shi dama tun farko bai yarda da shirunsa ba. Wancan ya ce shi kuma dariyar ce bai yarda da ita ba. Wani ya tuna cewa ya taɓa ganinsa yana kallon duwatsu. Na ce a Arlit in mutum bai kalli duwatsu ba, mi zai kalla, teku?

Ranar da aka kama shi, Shef ya shigo yana zufa tun hantsi bai yi ba. Da hannunsa ya zare wayar na'urar daga bango, shi da ko fanka sai ya kira ni in kunna masa. Ya janyo zanen tebur ya lulluɓe ta kamar gawa. Ya ce ta kamu da ciwo, kada wanda ya taɓa ta, direbobi su riƙa karɓar lokaci ta tarho. Na ce wane irin ciwo, jiya lafiya lau na bar ta. Ya ce irin na na'ura ne, ba zan gane ba. Na ce to ciwon ya tsaya, shi zai je ya gaya wa Kumanda mutumin nan ya daɗe ba ya gari, ko kuwa? Ya ce shi ɗan kasuwa ne ba lauya ba, kuma ba wanda ya san cikin wani sai Allah. Kazar da muka bari cikin gashinta, ashe a aljihunsa take, ga shi an ce as.

Ana cikin haka, wata azahar na fita sayen abinci, na tarar da wata mace zaune a ƙasa daga wajen bariyar, da baƙin mayafi da ya koɗe, da jariri a cinya. Motar Shef ta wuce ta gabanta, gilashi a rufe, shi yana duban wani abu mai muhimmanci a ɗaya gefen. Matar magaziniye ce. Hausarta ba ta da yawa. Na yi zaton za ta tambaye ni laifinsa, har na shirya cewa ban sani ba.

“Ke ce Yaya? Ya ce ke kin san komai na biro. Yana cin abinci?”

Ban san ko yana ci ba, ni da na san komai na biro. Na sayo burodi da sardin na ba mai gadi ya kai masa. Ya ce sai ya bincika ko an ɓoye wani abu a ciki. Ina waiwayowa na ga yana binciken da haƙora.

Da la'asar sakaliya mai gyaran na'urorin sosiyete ya shigo bironmu. Mutumin Damagaram ne, mai furfura a gefen kai, Kirista, shi ke jan waƙa a ƙaramar majami'arsu ta bayan tasha. Mun saba. Shi ke cinye rabin dambuna in ya zo gyara, yana cewa mutanen Adar ba su iya zuba mai ba. Malam nake ce masa. Shef ba ya nan, ya tafi salla, kuma a kwanakin nan sallarsa ta yi tsawo ƙwarai. Malam ya ɗaga zanen ya leƙa ya mayar, kamar mai ta'aziyya, ya juya zai fita.

Na tare ƙofa, na ce ba inda za shi sai ya gaya mini yadda mutum ke shiga na'ura daga Dannet, a kan raƙumi. Ya yi ta shafa kai. Ya ce abin yana da wuyar bayani. Na ce haihuwa ma tana da wuyar bayani, amma na yi ta ba sau ɗaya ba, ya gwada.

“Yaya, ba shi ke shiga ba. Ku ne. Wannan da ke ƙarƙashin zane, ita ke rantsuwa da sunansa kowace safiya.”

Ya zauna ya warware mini. Layukan nan uku da ban gama karantawa ba, da ɗigon da ke zaune a na ƙarshe. Tun ranar da magaziniye ya danna, na'urar ta haɗiye sunansa da kalmarsa. Duk wanda ya taɓa dosiyen, ni ko Shef ko mai karta, ita sai ta miƙa su a madadinsa, babbar na'ura kuma ta rubuta cewa shi ne ya zo. Ashe jakin nan da ya san hanyar gida, da takardar wani yake wuce bariyar.

Na ce to magana ta ƙare, ya tashi ya je ya faɗa wa Kumanda. Ya ce babbar na'urar ma tana rubuta daga wane ɗaki aka shiga, amma Kumanda sunaye ya tambaya, sunaye aka ba shi. Sa'an nan ya rage murya. Shi ya kafa mana na'urar, kuma dokar sosiyete ta ce ya mayar da ɗigon kan “manta” kafin ya bar ɗaki. Bai mayar ba. Ba tamu kaɗai ba, duk na'urorin harabar haka suke. Haka suka zo daga masu su, ya bar su yadda suka zo, don ai wanda ya ƙera abu ya fi kowa sanin inda ɗigo ya dace. In ya buɗe baki, kontirarsa ce farkon tafiya, ga ƴaƴa mata a lakwal, ga shi baƙo ne sau biyu a garin nan.

Haka ta zo. Na sha jin maganar nan a rayuwata. Haka muka tarar, aka ce mini ranar da aka kai ƙannena maza lakwal aka miƙa mini tulu. Haka aikin yake, aka ce wa maigidana game da ƙurar rami. Ashe har na'urar Bature ta iya haka-muka-tarar. Ita ma da al'adarta ta zo, kuma ta tarar da masu biyayya, da difilom ɗinsu da tabaransu.

Sai ya faɗi abin da ya kawo shi. Shef ya ce gobe da safe ya zo ya sa ta manta: ya share sunan, ya mayar da ɗigo, ta tashi fes kamar ba ta taɓa sanin kowa ba. Kuma tun ranar da aka lulluɓe ta, sunan ya daina shiga dosiye. Kumanda ya riga ya kai wa manya wannan albishir, cewa ga shi tun da aka kama mutumin, shiru kake ji. Ayarin kuwa gobe ne, da hantsi.

“Malam, a majami'arku haka kuke rerawa? A kulle marar laifi, a share shaida, amin?”

“Shef fa a sahun gaba yake salla, Yaya. Kada mu fara wannan gasar.”

“Na ba ka wannan.”

Ya tashi ya rataya jakarsa. A bakin ƙofa ya tsaya yana duban fanka, ya shiga magana da ita, ba da ni ba. Ya gaya wa fankar cewa motonsa, babur ɗin da yake hawa, ya tsufa, ba ya tashi da wuri da safe, wani lokaci sai rana ta ɗaga. Ya gaya mata cewa abin da babbar na'ura ta rubuta, da lokacin da ta rubuta shi, ko shi ba ya iya gogewa. Ya ce in dai mutanen Anu Araren, masu ƙona gawayi su ba garin wuta, ba su ɗauke kuran ba, wannan da ke ƙarƙashin zane lafiyarta lau. Sa'an nan ya yi wa fanka sai da safe, ya fita. Jarumi ke nan. Na daɗe ina jin haushinsa, amma na san mazan da ko fanka ba su iya gaya wa gaskiya ba.

Bayan magariba na zayyana wa maigidana komai, yana zaune a tabarma da kwanon tuwo, yana ci yana tari. Ya bari na gama. Ya tuna mini, ko na manta, cewa hannu ɗaya ke kawo hatsi gidan nan, kuma nawa ne. Ya ce Shef ba zai yafe ba, sosiyete ba ta son a nuna mata tsiraicinta, kuma a zamanin nan duk wadda ta tsaya wa Buzu, ita ma ana naɗa mata rawani. Duk gaskiya ne. Ba abin da ya kai gaskiya ban haushi in ta fito daga bakin miji.

“Da ban bar ki kin je karatun nan ba, da yanzu tuwonmu muke ci lafiya.”

“Ba barina ka yi ba, Maigida. Tafiya na yi.”

“Shi ne nake faɗi.”

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Can ya ce, kamar ba da ni yake ba, kaskon ƙosan nan da na jingine a bayan ɗaki, ya duba shi kwanan baya, bai huje ba. Ranar dai maza sun ɗauri aniyar yi mini magana ta bayan gida. Iyakar izinin da ya iya bayarwa ke nan. Ban nema ba, amma na karɓa.

Kada wani ya ɗauka jarumtaka ce. An ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Watanni muna cin tuwo da sunan mutumin nan, shi yana can yana jan gawar raƙuma daga bakin rijiya. Abin dariyar ma shi ne, ni da na tsani ɗigon nan tun lokacin da na san shi, wato tun la'asar, ga ni ina roƙon Allah ya sa na'urar ta ƙara tunawa na safiya ɗaya. Da mai mantuwa ce tun farko, da ba a kulle kowa ba. Yanzu kuma in ta manta, ya tafi ke nan.

Da gari ya waye na ɗaura zanen da nake zuwa suna da shi, don in korata za a yi, a kore ni da kyan gani. Matar tana nan a wajen bariyar, ban san ko ta koma bukkarta ba. Mai gadi ya ɗaga mini sanda bai ko dube ni ba. Ba a duban mai shara. Na buɗe biro, na fara danna makunnin fanka. Ta yi kukan akuyarta. Allah ya yi wa mutanen Anu Araren albarka, su da gawayinsu.

Na yaye zanen, na ninke shi, na mayar da waya bango. Na'urar ta yi ta nishi kafin ta farka, ni kuma duk motar da ta wuce sai in ji kamar ta Shef ce. Na kama ɓeran na'urar na kai kan dosiyen, na danna. Ba akwati, ba tambaya. Ya buɗe wa magaziniye kamar kullum, shi kuwa yana kulle a bayan ƙofar ƙarfen da nake hangowa ta taga. A sahun farko ga ayarin hantsi, da lokacin tashinsa.

Na bar shi a buɗe. Na kulle biron, na ƙulle lakilen a haɓar zanena, na taka zuwa bariyar. Na ce wa mai gadi ya kira mini Kumanda. Ya ce Kumanda yana karin kumallo, wa zai ce ke nemansa, kuma a kan mi?

“Ka ce masa mai shara ce. Fursunansa ya shiga dosiye yanzun nan, yana bironmu. Ya zo da kansa ya kama shi.”